Ɗiyata, Kafin Ki Ɗora Tukunyar Shayin Nan

Shayin mata ya zama kasuwa. Da can in yarinya ta dafe mara, uwa ko kaka ce za ta daka citta da kanumfari ta tafasa, ta miƙa mata a kofin silba, magana ta ƙare a tsakar gida. Yanzu haɗin a leda mai sheƙi yake zuwa, ko a 'yar roba, an raɗa masa suna da Larabci ko da Turanci. A WhatsApp da TikTok ake tallarsa, a sako shi a motar haya daga Kano ko Kaduna, a sauke a Gusau, kafin la'asar ya iso Kwatarkwashi. Mai talla kuwa ba ta rage komai: ciwon mara, rikicewar al'ada, sanyi, wankin mahaifa, ƙarin ni'ima, har haihuwa ga wadda ta jima ba ta samu ba, duk a cokali ɗaya. 'Yan sakandare suna saya, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke nan maƙwabtaka da mu suna saya, amaren bana ma ba a bar su a baya ba.

Ba zan ce ki daina shan shayi ba. Wasu daga cikin kayan ƙamshin da ke kicin ɗin innarki suna sauƙaƙa ciwon mara da gaske, kuma zan faɗa miki su. Abin da nake so ki riƙe shi ne kada ki sha abin da ba ki san sunansa ba, don maganin ciwon da ba ki san asalinsa ba.

Mu fara da ciwon kansa. Kowane wata mahaifa takan shimfiɗa wani lallausan bango a cikinta, ko da ciki zai shiga. In bai shiga ba, bangon ya saɓule ya fita tare da jini. Don a fitar da shi, jiki yakan samar da wasu sinadarai da likitoci ke kira furostagilandin, su ne ke sa naman mahaifa ya dinga matsewa yana saki. In sun yi yawa, matsewar takan yi ƙarfi har jinin da ke ciyar da naman ya ragu na ɗan lokaci, sai ki ji murɗa. Su ne kuma ke kawo tashin zuciya da gudawa da ciwon baya da ya sauka har cinyoyi. Irin wannan ciwon yakan fara da zuwan jinin ko kaɗan kafinsa, ya yi tsanani a rana ta farko, ya lafa cikin kwana biyu zuwa uku. Yawancin 'yan mata irinsa suke fama da shi, kuma ba ya nuna wata cuta a mahaifa.

Kin ga ke nan babu wani datti da ya taru a ciki da zai buƙaci wanki. Jinin haila najasa ne a babin tsarki, wannan hukunci ne na ibada kuma yana nan daram. Amma a wajen jiki, jini ne da naman bango, ba guba ba. Duk wanda ya ce zai wanke miki mahaifa da shayi, ki tambaye shi ta wace hanya, tun da abin da kika sha hanji yake bi, hanji kuwa ba ya buɗewa cikin mahaifa.

A cikin kayan kicin, citta ce ta fi samun shaida. A shekarar 2009 wasu masu bincike a Tehran, babban birnin Iran, suka raba ɗalibai mata 150 gida uku. Kashi ɗaya aka ba su garin citta miligiram 250 sau huɗu a rana, kashi na biyu ibufurofen, na uku maganin nan da aka fi sani da Ponstan a kemis, kowa ya sha kwana uku daga ranar da jini ya fara. Sauƙin da suka samu bai bambanta ba. Dalili a fili yake: citta tana rage samar da waɗancan sinadarai masu matse mahaifa, aikin da ƙwayoyin ma ke yi. Sai dai kada in yi miki irin ta mai talla. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 27 da aka yi wa mata sama da 3,000 kan ganyaye da kayan ƙarin abinci na ciwon mara, akasarinsu a Iran. Ta ce akwai alamar amfani a citta da hulba da wasu 'yan kaɗan, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, hujjar ba ta yi ƙwari ba. Ni dai a ganina wannan ya isa a gwada citta, domin ba ta da tsada, mun san ta, cutarwarta kuma kaɗan ce. Bai isa a rantse da ita ba.

Yawan da aka gwada bai wuce giram ɗaya zuwa biyu na gari a yini ba, wato rabin ƙaramin cokalin shayi zuwa cikakkensa, a shafe. In ɗanya ce, gutsure kamar gaɓar babban yatsa, a daddaka a tafasa minti goma, a raba sha biyu ko uku. Ki fara da zarar kin ji alamar zuwan baƙon, kada ki jira sai ciwo ya kwantar da ke, ki tsaya bayan kwana uku. Mai gyambon ciki ko yawan ƙwarnafi ta sha bayan ta ci abinci, in ta ji zafi a ƙirji ta bari. Cittar nan kuma daga kudancin Kaduna ake kawo mana ita, Kachia da Kwoi da Kafanchan, kuma tun da cutar fumfuna ta cinye gonakinta a daminar 2023 ta yi tsada. Tsada kuwa ita ke kawo algus. Gara ki sayi busasshiya ƙwaya-ƙwaya ki daka da hannunki, da ki sayi garin da ba ki ga nikansa ba.

Sauran abokan tafiyarta ba sai na daɗe a kansu ba. Kanumfari ƙwaya biyu ko uku sun isa, don ƙamshi da ɗumi. Mansa da ake sayarwa a kwalba ba na sha ba ne. Na'ana'a tana kwantar da kumburin ciki. Hulba tana da 'yar shaida, amma tana sauke sukarin jini, tana fita a warin gumi, kuma mai ciki ba ta shanta a matsayin magani. Kirfa ce ke buƙatar kashedi, domin an mai da ita abin sha na kullum. Wadda ta cika kasuwanninmu, mai kauri da tauri, irin ta Sin da Indunusiya ce, tana ɗauke da wani sinadari, kumarin, da ke wahalar da hanta in ya yi yawa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakarsa a miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Yarinya mai kilo 50 ke nan miligiram 5 ne rabonta, cikakken ƙaramin cokali ɗaya na garin kirfa kuwa yana iya wuce haka. Ɗan ɓallin itacen a tukunya na kwana uku ba komai. Cokali-cokali safe da yamma wata da watanni shi ne abin gudu.

Zoɓo fa? Ki sha abinki, yana kashe ƙishi, yana ɗan sauke hawan jini. Amma jan launinsa ba jini ba ne, kuma ba ya zama jini.

Akwai maganin da ba a tallarsa saboda ba a samun ko sisi da shi, shi ne ɗumi. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2001 ya nuna ɗumama mara na tsawon sa'o'i yana rage ciwo daidai da ibufurofen. Ki zuba ruwan zafi a gora mai murfi, ki naɗe da zane don kada ki ƙone, ki ɗora a mara. Ina kyautata zaton rabin daɗin da ake ji a shayin ma daga ɗuminsa yake, da zaman da aka yi aka huta, da hannun da ya miƙo kofin. Kuma in ciwo ya fi ƙarfin citta da gora, shan ibufurofen bayan cin abinci na kwana biyu ko uku ba laifi ba ne, ba ya hana haihuwa kamar yadda ake tsoratar da ku. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asma da mai juna biyu su ne za su nemi shawara tukuna. Abin da ke ɓarna shi ne a haɗa Felvin da ibufurofen da wani na uku a watsa a cikin da babu komai, ko a bi su da ja-da-yalo da Ampiclox. Waɗannan biyun na kashe ƙwayoyin cuta ne, babu ruwansu da murɗar mahaifa.

To, mu koma kan ledar nan mai sheƙi. Matsalarta ta farko ita ce ba ki san abin da ke ciki ba. Ana iya rubuta citta da kirfa a baya, a bar sauran a matsayin sirrin sana'a. Da yawan haɗin wankin mara filasko ne ginshiƙinsu, ko wani ɗan'uwansa mai sa zawo. Yarinya ta sha ta kwana tana zarya, mai magani ta ce ai dattin ne ke fita. Abincin jiya ne ya fita, da ruwan jiki da gishirinsa, aka bar ta da jiri a kan jinin da take zubarwa. Wasu kuma jar kanwa ko ungurnu ake zubawa da yawa. Kanwa tamu ce, ba a raba Bahaushiya da ita a miyar kuka ko ɗanwake, amma cike take da irin gishirin da ke tara ruwa a jiki. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yawan ciwon zuciya da suke gani ga masu jego, suka zargi kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, amma ba wanda ya ce a mai da kanwa abin sha da cokali.

Haɗin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ake cewa yana saukar da al'ada in ta yi jinkiri. Ɗiyata, a garuruwanmu da yawanku kuna ɗakin miji tun kafin ku cika ashirin. Ga matar aure, babban dalilin ɓatan wata shi ne ciki. Abin gwajin fitsari yana kowane kemis, kuɗinsa bai kai na ledar shayin ba, minti biyar ya ba ki amsa. Shan abu mai ƙarfi don a tilasta jini ya zo kafin a yi wannan gwajin na iya jawo ɓarin cikin da ake ta addu'ar samu. Akwai ma wanda ya fi wannan muni, cikin da ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa. Wata ya ɓace, sai ɗan jini ɗis-ɗis, sai ciwo a gefe guda na mara, sai jiri ko suma, wani lokaci har da ciwo a kafaɗa. Wannan bututu ne ke shirin fashewa ko ya riga ya fashe, jini na zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Babu shayin da ke tsai da shi. Aikin tiyata ne, kuma na gaggawa. Ga budurwa kuwa, a shekaru biyu ko uku na farkon fara al'ada, tsallen wata abu ne da aka saba gani, jiki ne bai gama daidaita ba. Rama da damuwa da zazzaɓi mai tsanani su ma suna jinkirta ta, kuma a shekarun nan da mutane ke kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga, wasu ma sun baro ƙauyukansu, damuwa ba baƙuwa ba ce a jikin mace.

Za a nuna miki lambar NAFDAC a ce ai gwamnati ta amince. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, takan ba magungunan gargajiya lamba mai ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba ba a ga abin cutarwa a samfurin da aka kai ba, an ba shi izini na wani wa'adi. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa, shi ya sa ake wajabta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba. Ki juya ledar ki karanta ƙananan rubutun. Wadda ba ta da lamba, ba sunan mai yi, ba ranar lalacewa, wannan ko kyauta aka ba ki, ki gode ki ajiye.

Akwai wani abu game da shayi da ba kasafai ake gaya wa mata ba, kuma ya fi shafarki fiye da duk abin da na faɗa. Kowane wata kina rasa jini, tare da shi kina rasa sinadarin ƙarfe da jiki ke gina sabon jini da shi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Fiye da rabi ke nan. Shi kuma ganyen shayi, irin na Lipton da na mai shayi, yana da wani abu mai ɗaure ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye, ya hana hanji tsotsarsa. Wani gwaji da aka buga a 1999 ya nuna baƙin shayi da aka sha tare da burodi ya rage tsotsar ƙarfen da kashi 79 zuwa 94, shayin na'ana'a ma ya rage da kashi 84. Wato yarinyar da ke karyawa da shayi mai kauri, ta kora tuwon dare da wani, tana iya cin abinci mai kyau jikinta bai amfana da ƙarfensa ba. Gyaran mai sauƙi ne: ki bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. A kan abincin kuma ki matsa lemun tsami, ko ki ci gwaiba, ko ki sha kwalba da nono ta garin 'ya'yan kuka, domin tsamin 'ya'yan itace yana taimaka wa ƙarfen shiga jiki. Hanta in an samu, kifi, wake, kwaɗon zogale, alayyafo, fura ta gero, su ne masu ƙara jini na gaskiya. In kina haki a ɗan hawan da ba ya ba ƙawayenki wahala, in cikin fatar idonki ya yi fari, in kina marmarin cin ƙasa ko farar ƙasa ko ƙanƙara, je ki a auna jininki. Ƙwayar ƙarin jini ta fi lemun malt da madarar gwangwani arha nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke aikin.

Nan ne nake so mu yi maganar kwanaki. A Islamiyya an karantar da ke, daga Ahalari zuwa Risala, cewa a mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila kwana 15 ne, abin da ya wuce nan jinin cuta ne, ki yi wanka ki yi salla. Daidai ne. Amma wannan iyaka ta amsa tambayar yaushe za ki koma salla da azumi ce. Ba ta ce mai zubar da jini kwana 12 kowane wata lafiyarta ƙalau ba. A wajen likita, jinin da ya wuce mako guda, ko wanda ke jiƙa auduga ko ƙunzugu duk awa ɗaya zuwa biyu, ko mai fita da manyan gudaji, ya yi yawa, a bincika. Haka wanda ke zuwa ƙasa da kwana 21 tsakani, ko ya ɗauke wata uku ba ciki ba shayarwa. Ilimin biyu ba sa karo, kowanne da tambayar da yake amsawa, kuma kina buƙatar duka.

Shi ma ciwon yana da irin da ba a yi masa haƙuri. Wanda ke fara kwanaki kafin jini ya kuma zarce bayansa, wanda ke ƙaruwa shekara bayan shekara, wanda ke hana ki makaranta kowane wata duk da magani, wanda ke zuwa lokacin kwanciyar aure ko bayan gida. Akwai cutar da nama irin na bangon mahaifa ke tsirowa a wajenta, endometiriyosis, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa. Akwai ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa ga baƙar fata. Akwai ƙwayoyin cuta da ke hawa har bututun ƙwai su toshe shi, masu zuwa da zazzaɓi da ruwa mai wari, kuma in ta hanyar aure aka same su, sai an yi wa miji magani tare, in ba haka ba a yi ta kwan-gaba kwan-baya. Har tsargiya, da muke ɗauka ciwon yara maza masu wanka a gulbi ce, tana kama al'aurar mace da ke wanki ko ɗiban ruwa a rafi da tafki, ta kawo ciwon mara da ɗigon jini, maganinta kuwa 'yan ƙwayoyi ne. Duk waɗannan mun tattara su mun sa musu suna ɗaya, sanyi, muna yi musu magani ɗaya. Shekarun da ake ɓatawa ana shan maganin sanyi su ne shekarun da bututu ke toshewa.

Na san abin da za a ce miki. Haka kowace mace take. Ki yi haƙuri, in kin yi aure zai daina. Gaskiya ne ciwon mara na yau da kullum yakan ragu da shekaru, musamman bayan haihuwar fari. Waɗancan da na lissafa kuwa aure ba ya taɓa su. Na kuma san kunya, yadda yarinya za ta gwammace ta tura wa baƙuwa kuɗi ta waya da ta buɗe baki a gaban babanta ta ce a kai ta asibiti. Amma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina ne saboda kunya ba ta hana su tambaya ba, kuma Faɗimatu 'yar Abu Hubaish da ƙafarta ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗi cewa jininta ba ya ɗaukewa. Ba sai kin gaya wa baba da bakinki ba. Ki gaya wa inna, ko gwaggo, ko yayarki, ko malamarku ta Islamiyya, su san yadda za su isar.

Ki fara da asibitin sha-ka-tafi na kusa, akwai ma'aikatan lafiya mata, da yawansu 'ya'yan yankin nan ne da suka yi karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, inda ake hoton ciki, akwai kuma likitocin mata. Mu da muke kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa mun san ba a son tafiyar dare a wannan zamani. Saboda haka abin da kika ga alamarsa da hantsi, kada ki ce bari a gwada shayi zuwa magariba.

Kafin ranar zuwa asibiti ta zo, ki samu ɗan littafi, ko bayan littafin makaranta ma ya isa. Kowane wata ki rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke, sau nawa kika canza auduga a ranar da ya fi zuba, ko ciwo ya hana ki fita, da abin da kika sha. Wata uku kawai za su nuna miki ko cittar tana aiki, su kuma ba likita abin da awa guda ta tambayoyi ba za ta ba shi ba. In za ki tafi, ki ɗauki littafin, ki haɗa da ledar shayin da kwalin ƙwayoyin da kika sha, ko da za a yi miki faɗa, domin wani maganin asibiti ba ya haɗuwa da wani ganye, kuma ba za su sani ba sai kin nuna musu.